Ajiyar Alhaji Bawa

Ayyuka da yawa sun bi ta hannuna a shagon nan na manta da su, amma ranar da Alhaji Bawa ya shigo mana da adakarsa ba ta taɓa fita daga raina ba. Tunda yau an ɗauke wuta kuma kowa ya ajiye ƙarfen dalmarsa, bari in ba ku labarin, musamman ku da kuka shigo sana'ar bayan abin ya faru.

A lokacin ba ni ke riƙe da shagon ba, Shef Hamadu ne, wanda yanzu ya koma gida yana hutawa. Shi ke karɓar aiki, shi ke magana da mai kaya, shi ke cewa a gyara ko a haƙura. Ni ne na biyunsa, kuma teburin dalma a hannuna yake. Ga wanda bai san sana'ar ba, gyaran kwamfuta iri biyu ne. Akwai na cirewa da sawa: abu ya mutu, a cire shi a sa sabo, mai kaya ya ɗauki abinsa kafin la'asar. Akwai kuma na bin allo, inda za ka zauna da gilashin ƙara girma kana bin hanyoyin wuta ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda aka yanke. Na farkon shi ke ciyar da mu a Garwa. Na biyun ba mai son sa, domin yana cin ido yana cin lokaci, shi ya sa kullum ni ake tura wa. Dokar shagon kuwa ita ce wadda kuka tarar: na'urar da ta daɗe a ajiye ba a sa mata wuta sai an buɗe ta, kuma a gaban mai ita ake buɗewa.

Farkon damina ne, kogin Binuwai bai cika ba tukuna. Da hantsi wani mai amalanke ya tsaya a ƙofarmu da tsohuwar adakar ƙarfe, wani dattijo na biye da shi a kan moto, wato babur. Sai da aka riƙe dattijon sannan ya sauka. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga sosai, numfashinsa kuwa daga nesa kake jin sa. Shef Hamadu ya san shi, ya miƙe da sauri ya ba shi kujerarsa. Alhaji Bawa ke nan, dillalin shanu, wanda duk mai shiga kara, wato kasuwar shanu, ko mayanka a garin nan ya san sunansa. Bai yi boko ba, kuma ban zaci ya taɓa kunna kwamfuta a rayuwarsa ba.

Suka gaisa da Fillanci, jam na, jam, har suka gama tambayar gida da kasuwa, sannan Alhaji ya koma Hausa.

"Hamadu, ajiya na kawo. Ba tawa ba ce. Ina so a duba mini ita, amma a hankali."

Shi ya buɗe kwaɗon da kansa. A cikin adakar akwai wani ƙunshi da aka naɗe da jar fata irin ta Maruwa, aka ɗaure da igiya. A ƙarƙashin fatar akwai leda mai kauri, a ƙarƙashin ledar kuma farin zane. Da ya yaye zanen sai ga akwatin kwamfuta irin ta da, mai nauyi, wadda ake kwantarwa a tebur a ɗora allon kallo a kanta. Farinta ya koma ruwan hauren giwa. A bayanta, daidai ramin da ake sa wayar madannai, wato kibod, wani kore-kore mai gari ya fito ya ɓata zanen. Ina ganin haka na san abin da ke ciki tun kafin a kwance.

Kafin mu taɓa ta sai da ya ba mu tarihinta. Ta wani amininsa ce, Usumanu, likitan dabbobi, mutumin Tibati da aiki ya kawo Garwa. Sun haɗu ne a kara, shi yana duba shanu, Alhaji yana sayar da su, har suka zama kamar wa da ƙane. Sama da shekara ashirin da suka wuce ciwo ya kama likitan, aka ce sai Yawunde. Kafin ya tafi ya ɗauko kwamfutar da kansa ya kai gidan Alhaji, ya ce a gaban shaidu ya ba 'yarsa Aisatu ita kyauta, lokacin tana goye. In ya dawo zai karɓa ya ci gaba da riƙe mata. In bai dawo ba, a ba ta ranar da ta gama karatu, ita da kanta, ba wani ba. Bai dawo ba. Uwar ta koma Tibati da yarinyar, Alhaji kuwa ya naɗe ajiya ya rufe a adaka, ya ɗora a kan bulo a ɗakinsa don kada ruwa ya taɓa ta. Bai sake buɗewa ba sai makon nan, da ya ji Aisatu ta gama jami'a a Maruwa kuma ya aika mata ta zo.

"Na ce bari in kakkaɓe ƙura kafin ta iso," in ji shi. "Sai na ga wannan koren. Ni ban san kan abin nan ba, amma na san kore a jikin ƙarfe ba lafiya ba ne. Kuma ga ni yadda kuke gani na. Likita ya ce zuciya ce. Ina so in sauke wannan kayan tun ina da baki."

Na kwance murfin a gabansa. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan batir mai siffar ganga, bai fi gaɓar yatsa ba, an liƙa shi da dalma a jikin babban allo, wanda muke cewa kart-mer. Aikinsa kaɗan ne: ya riƙe agogo, ya tuna wa na'urar saitinta idan an kashe ta. Amma idan ya tsufa sai ya fara tsiyaya. Mutane na cewa asid ne, ba asid ba ne, dangin ruwan toka ne, irin wanda mata ke yin sabulu da shi. Yana bin jan ƙarfen da ke kan allo yana ci a hankali, kuma hanyoyin nan ba su fi silin gashi kauri ba. A wannan kwamfutar ya ci kusan faɗin tafin hannu. Ƙafafun ƙananan kayan da ke kusa da shi duk sun yi kore, wasu hanyoyin sun yi baƙi, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Har bakin faifan ajiya, inda duk rubutun mai na'ura yake zama, tururin ya kai ya dusashe shi.

Alhaji ya leƙa ya daɗe yana kallo. Sai ya dube ni.

"Ɗana, me ya kawo wannan? Ruwa bai taɓa ta ba, ɓera bai shiga ba, ba wanda ya sa mata hannu."

Na nuna masa batir ɗin na yi masa bayani. Na ce da tun ranar farko an yanke shi an cire, da yau ba abin da ya sami allon. Na ƙara da cewa zafin Garwa a ƙarƙashin rufin kwano yana hanzarta tsiyayar, leda kuma tana tsare tururin a ciki, ba ya samun hanyar fita.

"Wato rufewar da na yi ce ta cuce ta?"

Shef Hamadu ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Kun san halina, magana ba ta iya kwana a bakina. Na ce, "Baba, batir ɗin ne ya yi ɓarnar. Amma rufewar ta taimaka masa." Sai Alhaji ya sunkuyar da kai yana shafa jar fatar da ke kan cinyarsa. Na ji tausayinsa har cikin raina, domin a duk abin da ya sani na adana kaya ba wanda ya rage bai yi ba.

Shef Hamadu mutum ne mai son a sauƙaƙa wa jama'a. Ya ce, "Bon, Alhaji, abin bai kai na damuwa ba. A nemo wani allon irin wannan a sa mata, ta tashi. Ko ma a bar tsohuwar, a cire faifan, a kwashe abin da ke ciki a zuba a sabuwar na'ura. Yarinya ta fi jin daɗin wannan."

Alhaji ya girgiza kai. "Hamadu, in ka ba ni ajiyar bijimi, ranar karɓa na kawo maka wani wanda ya fi shi ƙiba, na mayar maka da ajiyarka?"

"A'a."

"To. Wannan aka ba ni, wannan zan mayar. Kuma wa zai kwashe abin da ke cikin faifan?"

"Ilyasu mana," in ji Shef, yana nuna ni.

"Zai gani ke nan. Ba a ce in nuna wa kowa ba."

A nan aka tsaya. Sharaɗinsa biyu: allon nan za a gyara, ba canzawa ba, kuma ba mai leƙa faifan sai mai shi ta zo. Shef ya dube ni, na ce zan gwada amma ban yi alkawari ba. Na cire faifan na naɗe shi a takarda, Alhaji ya sa a aljihun 'yar cikinsa ya tafi da shi gida. Kashegari ya dawo da ɗan gwangwanin jan fenti, irin wanda dillalai ke shafa wa sa a gadon baya idan an gama ciniki. Ya tambaye ni inda ba hanyar wuta a kusurwar allon, na nuna masa, ya ɗiga masa alama da tsinke. Shef Hamadu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau an mayar da shagonsa kara. Alhaji ya ce ba rashin yarda ba ne, sabo ne.

Yadda aikin yake shi ne wannan, kuma ku riƙe shi domin irinsa zai zo muku. Farko a yanke batir ɗin a raba shi da allon. Sannan a cire duk abin da ke ciruwa a ajiye gefe. Tunda abin da ya zuba dangin toka ne, abu mai tsami ke kashe shi, don haka binegar na dafa abinci muke sawa. Kana ɗiga shi a wurin za ka ga yana ɗan kumfa. A bar shi ya gama, a goge da tsohon buroshin haƙori a hankali, a wanke da ruwa mai tsabta, a bi da alkol na kantin magani, sannan a shanya a inuwa inda iska ke bi. Da damina bushewar tana ɗaukar kwanaki, kuma wanda ya yi gaggawa ya sa wuta allo da danshi ya gama da shi. Bayan ya bushe sai a kankare baƙin da ke kan hanyoyin har jan ƙarfe ya fito, a ɗauki mita a bi kowace hanya daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wadda mita ta yi ƙara a kanta tana da rai. Wadda ta yi shiru ta yanke, sai a yi mata gada da siririyar waya a liƙa da dalma. Dalma kuwa ba ta son kama wurin da batir ya ci, sai ka yi ta fama, hayaƙin yana shiga idonka.

Kullum da safe Alhaji yakan zo a kan moto ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa, carbi a hannu. Ba ya tambaya, ba ya matsa mini. Wani lokaci in na ɗago kai in huta ido sai ya ba ni labarin likitan: yadda yake shiga garke da takalmin roba har gwiwa, yadda yake yi wa makiyaya faɗa da Fillanci idan sun ɓoye saniya mai ciwo ranar allura, yadda bai taɓa cin naman da bai duba hantarsa da kansa ba. Ta bakinsa na san mutumin da nake gyara wa kaya, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Amma ina lura da cewa kullum zaman yana ƙara yi masa wuya. Da farko yakan kai azahar, daga baya kafin rana ta yi zafi an mayar da shi. Wata safiya bencin ya wuni ba kowa. Aka aiko mana cewa ƙafar ta hana shi fita, amma yana gaishe mu, kuma Aisatu na hanya a ƙarshen mako.

A daidai lokacin ne aikin ya tsaya mini. Na gama gadojin, na canza ramin madannai da ya ruɓe, na sa sabon batir a ƙarshen doguwar waya nesa da allon don ko ya tsiyaya wata rana kada ya taɓa komai. Na duba tukunyar wutar, wadda ke raba wa na'urar wuta, na ga lafiyarta lau. Na sa wani faifai namu wanda ba komai a ciki, na kunna. Ta yi ƙara ɗaya, rubutu ya fito a allon kallo, na ji wani sanyi a raina. Amma madannai suka ƙi aiki. Na danna, na canza wasu, na sake bin duk hanyoyin da ido ke gani, kowace tana da rai. Kwamfutar da ba a iya danna mata komai kuwa daidai take da matacciya. Abin da ya rage shi ne hanyar da ke binne a cikin cikin allon, tsakanin ɓawo da ɓawo, inda ido ba ya gani kuma ƙarfen dalma ba ya kaiwa.

Na yi yawo a gari har na sami wata tsohuwar kwamfuta irin ta Alhaji sak a wurin wani mai buga wa mutane takardu a bakin kotu, ya jefar da ita a bayan rumfarsa. Allonta lafiya lau yake. Nufina in yi amfani da shi in gane inda kowace ƙafa take zuwa. Shef Hamadu ya zo ya tsaya a kaina, ya dubi alluna biyun, ya yi ƙasa da murya.

"Ilyasu, tsohon nan ba zai kai wani mako yana jira ba. Ga allo mai lafiya, jan fenti kuma ba wuyar samu yake ba."

Ba don mugunta ya faɗa ba, tausayi ne, kuma ni ma abin ya zo mini a rai kafin ya faɗa. Na ce ya ba ni zuwa jibi. Na zauna ina gwada ƙafa ɗaya a allo mai lafiya, in gwada 'yar uwarta a na Alhaji, haka har idona ya fara ganin abu biyu-biyu. A ƙarshe na sami wadda ke ƙara a can tana shiru a nan. Na ja mata waya ta bayan allon. Da na kunna na danna, harafi ya fito. Shef ya dafa kafaɗata ya ce useko, wato ya gode, ya koma wurinsa.

Tunda Alhaji ba ya iya fita, a zauren gidansa aka yi miƙawar, bayan sallar la'asar. Muka ɗauki kwamfutar da allon kallo da madannai muka je ni da Shef. Muka tarar an shimfiɗa masa katifa an jingina shi da matasai. Limamin unguwa na zaune a gefensa, shi aka kira shaida tare da Shef. Aisatu na zaune a tabarma daga ƙofar shiga gida, doguwa, mai sanyin magana, da tabarau. Da safen nan ta sauka daga motar Maruwa.

Kafin a sa wuta Alhaji ya ce in buɗe murfin in faɗa mata duk aibin da ke jikin na'urar. Ya ce shi bai taɓa miƙa wa mutum dabba ya ɓoye masa ɗingishinta ba, ba zai fara yau ba. Na nuna mata inda batir ya ci, da wayoyin da na ja, da abin da na canza. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan Alhaji ya ciro faifan daga aljihunsa ya miƙa mata da hannu biyu.

"'Yata, ga shi. Ba wanda ya leƙa. In kin yarda a sa, sai a sa."

"A sa, Baffa," in ji ta.

Na haɗa shi. Tunda na'urar ta manta komai, sai da na sake gaya mata girman faifan daga lambobin da ke rubuce a bayansa. Na kunna, faifan ya yi shiru. Tsofaffin faifai in sun daɗe a kwance sukan manne. Na kashe, na ɗauke shi na ɗan murza shi a hannu, na mayar. Wannan karon ya yi gurnani, ya ɗauki juyi. Na juya allon kallon ya fuskanci Aisatu, na koma gefe.

Ta daɗe tana dannawa. Daga baya ta ce rubuce-rubucen aikinsa ne da Faransanci, na rangadin allurar shanu da cututtukan da ya gani a ƙauyuka, sai wasu abubuwan da ta ce za ta karanta ita kaɗai. Sannan ta kira ni ta ce wasu suna buɗewa, wasu sun ƙi. Da izininta na sa na'urar ta binciki faifan. Wannan binciken ba ya nuna rubutun kowa, zane kawai yake fitarwa na ƙananan gidaje jere, mai lafiya da launinsa, wanda ya lalace kuma ya fito ja. Muna kallo gidajen suna cika. Mafi yawa lafiya. Amma can wajen tsakiya jajaye suka fara fitowa, nan ɗaya, can uku, har suka yi ɗan gungu.

Alhaji bai iya karatu ba, amma idon da ya shekara yana duba shanu bai rasa ganin tabo ba. Ya ce a juyo masa allon.

"Waɗannan jajayen fa?"

Na ce wuraren da ba sa karantuwa ne. Shef Hamadu ya matso kusa da kunnena ya ce mini da Faransanci in ce masa ba komai a wurin. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Hamadu, bar shi. Ilyasu, dube ni. Abin da Usumanu ya ba ni, duk yana nan? In yana nan ka rantse mini, in huta."

Ban taɓa jin nauyin tambaya irin wannan ba. Ga mutum a bakin tafiya, kalma ɗaya yake nema, kuma ba wanda zai iya ƙaryata ni a duniya in na faɗa. Na ce, "Baba, ba zan iya rantsewa ba. Mai yiwuwa ba komai a ƙarƙashin jajayen nan, mai yiwuwa akwai. Mai yiwuwa tun a hannun likita suka lalace, mai yiwuwa a adaka ne. Wanda ya san abin da ke ciki tun farko ba ya nan. Ni ban sani ba."

Alhaji ya mayar da kansa kan matashi ya rufe ido.

"Wato ban mayar da ita yadda aka ba ni ba."

Liman ya gyara murya ya fara yi masa bayani cewa wanda aka ba ajiya, in ya tsare ta iyakar saninsa ba tare da sakaci ba, ba ramuwa a kansa. Alhaji ya bar shi ya kai ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na san hukuncin. Ba alƙali nake tunani ba. Usumanu zan je in tarar, zai tambaye ni."

Hawaye na bin gefen fuskarsa suna shiga gemu. Na sunkuyar da kai, ina jin kamar ni na jawo masa wannan da bakina. Shef Hamadu bai dube ni ba.

Sai Aisatu ta tashi daga gaban na'urar. Ta zo ta durƙusa a bakin katifar, kusa da ƙafafunsa da suka kumbura.

"Baffa, buɗe ido ka dube ni. Ba tawa ba ce? Ba ni ya ba wa ba?"

"Taki ce."

"To in tawa ce, ba shi zai tambaye ka ba, ni ce. Ni kuwa abin da ke ciki na karɓa. Abin da ya ɓace na yafe, duniya da lahira."

Ya buɗe ido ya dube ta. Ya ce ta sake faɗa da ƙarfi shaidu su ji. Ta sake faɗa, wannan karon tana kuka. Ya juya wajen liman ya ce, "Malam, ka ji?" Ya ce ya ji. Ya juya wajen Shef, "Hamadu, ka ji?" Ya ce ya ji. Har ni ya tambaya. Sannan ya ɗora hannunsa a kanta ya sa mata albarka, ya sa wa mahaifinta, ya ce alhamdu lillahi, a gyara masa matashin yana so ya kwanta. Muka tattara wayoyinmu muka fita a hankali. Kafin damina ta ƙare Allah ya yi masa rasuwa, ni da Shef muna cikin waɗanda suka kai shi.

Abin da na koya a kan mutanenmu shi ne, mu rufewa muka sani a matsayin adanawa. Abu in yana da daraja sai mu naɗe shi mu kulle, in na wani ne ma ko buɗewa ba ma yi, kuma wannan hali ne mai kyau da ya tsare dukiyar marayu da yawa a garin nan. Amma kayan da muke gyarawa suna da abin da ke ci gaba da aiki a cikinsu ko an kulle ƙofa. Ba laifin dattijon da bai sani ba ne, aikinmu ne mu gaya masa. Duk wanda ya ce muku zai ajiye na'ura ta daɗe, ku ce ya kawo a cire mata batir tukuna, ko rediyo ce.

Abin da na koya a kan sana'ar kuwa ya fi wannan nauyi. Za a yi muku tambayar da ba ku san amsarta ba, kuma mai tambayar zai zama wanda kuke tausayi. Na daɗe ina juya abin da ya faru a zauren nan. Da na rantse masa, da ya yi murmushi, da kowa ya tashi da daɗin rai, amma da Aisatu ba ta sami abin da za ta yafe ba. Da tsohon ya tafi yana dogara da rantsuwar mai gyara wanda bai san abin da yake rantsewa a kai ba, maimakon yafewar mai haƙƙi da ya ji da kunnensa a gaban shaidu.